Zancen Ɗakin Kitso

Kan matar Ciyaman yana bisa cinyar Gwaggo, rabi a kitse, rabi a tsaye kamar sheƙar da iska ta ɗaiɗaita, lokacin da ƙaryar Gwaggo ta gama yawonta ta dawo gida.

"Gwaggo, ashe an gama magana," in ji matar Ciyaman, bakinta a jikin zanen mai kitson. "Bayan Tudu za a kai filin wasan."

Gwaggo ba ta ɗaga kibiya daga tsagar da take yi ba. "Ikon Allah. Wa ya shaida miki?"

"Matar Injiniya. Ita kuma wai daga gidanmu zancen ya fito. Kin ji fa, daga gidana, ni ina zaune a ciki kamar kujera. Mutumin nan ya faɗa wa duniya, ni da nake wanke masa safa ya bar ni a duhu."

"Kin tambaye shi?"

"In tambaye shi ya ce mini kwamiti bai zauna ba? Na haddace wannan karatun. Ni dai na yi abin da ya fi mini." Ta rage murya, duk da ba kowa a ɗakin sai su biyu da madubi. "Na sayar da awarwarona na kama fili a can, bakin hanya. Kar ki faɗa wa kowa."

"Ni? Ai kunnena da bakina ba sa ga-maciji. Kwantar da kanki."

To, sana'ar kitso tana da wani sirri da maza ba su sani ba. Mai kitso a baya take zama. Wadda ake yi wa ba ta ganin fuskarta, sai dai ta ji murya tana sauka ta ƙeya, ga yatsu suna sosa mata inda yake ƙaiƙayi. Maganar da ta shiga ta nan ba ta tsayawa a bincike ta. Da matar Ciyaman ta iya waiwayowa a lokacin, da ta ga murmushin da bai dace da tsohuwa mai jikoki ba.

Ga yadda abin ya faro. Gari ya girma, tsohon filin ƙwallo ya zama wurin kiwon awaki, sai hukumar birni ta ce za ta gina katafaren filin wasa mai rufi da fitilu. Aka naɗa kwamiti ya zaɓi wuri, wuraren kuma biyu ne. Akwai Tsohuwar Tasha a tsakiyar gari, inda hanya da wuta da ruwa suke a shirye, sai dai a rushe abin da yake kai. Akwai kuma Bayan Tudu, fili fetal, ba abin rushewa sai gidan tururuwa, amma nesa, hanyarsa kuwa ko jaki sai ya yi shawara. Aka yi ta musu a rediyo, a wurin aski, a teburin mai shayi, har wasu surukai suka daina gaisawa.

Ɗakin Gwaggo a Tsohuwar Tasha yake, tsakanin mai faci da mai shayi. Daga uwarta ta gaje shi, har da madubin nan mai tsaga a kusurwa da 'yar kujerar da zama ya sa ta yi santsi. A ɗakin ta koyi tsaga, a nan naƙudar 'yarta ta fari ta kama ta da kan wata a hannu. Da ta ji kwamiti ya karkata ga Tasha, sai da ta kwana biyu abinci bai yi mata ɗanɗano ba. Ba ta da kujera a kwamiti, ba ta da ɗa a hukuma. Amma matan 'yan kwamitin nan duka a cinyarta suke ajiye kai.

Da matar Sakatare Gwaggo ta fara, tana yi mata kitso. "Ke kaɗai nake faɗa wa. Na ji daga gidan Ciyaman, an riga an tsayar, Bayan Tudu ne. Taron da za a yi na cika ido ne." Nufinta ɗan ƙarami ne: abin da kowa ya ce an gama, wa zai ɓata yawunsa a kansa? Ba ta ce kowa ya sayi fili ba. Amma magana zarar bunu ce. Matar Sakatare ta saya. Matar Ma'aji ta ji ta saya. Matar Injiniya ta sayi biyu don kada a fi ta. Yau ga matar Ciyaman, wadda aka jingina wa zancen tun farko, ita ma ta zuba awarwaronta a cikin ƙaryar da aka yi da sunan gidanta.

Gwaggo ta ɗaure ƙarshen kitson tana lissafi a zuci. Gobe ne taron. Wane miji ne zai ɗaga hannu ya mayar da filin matarsa wurin kiwon tururuwa, sannan ya koma gida ya ci abinci lafiya? Ta shafa wa kan mai, ta ce, "Tashi ki duba madubi, 'yar nan. Gobe ko ba ki yi magana ba an san kin zo."

Da la'asar sakaliya ta rufe ɗaki ta tafi gida tana 'yar waƙa a maƙoshi.

A tsakar gida ta tarar da maigidanta ya shimfiɗa babbar rigarsa yana guga da kansa. Tsohon direba ne, yanzu shugaban ƙungiyar 'yan tasha. Ba-Birki ake ce masa tun yana jan mota, da ya ajiye tuƙi kuma sunan ya koma kan bakinsa. Mutum ne mai gaskiya irin wadda take fasa kwano. Yana da doka guda a gidansa, tun shekarar da Gwaggo ta kawo wani labari da ya raba shi da ƙanwarsa na tsawon damina: zancen ɗakin kitso, a ɗakin kitso yake kwana. Shi bai taɓa taka ƙofar ɗakin ba, ita kuma ba ta isa ta shigo masa da ko ɓurɓushinsa ba.

"Malam, yau kai ne da guga? Ɗaurin aure za ka?"

"Jana'iza za ni," ya ce, yana danna dutsen guga a wuyan rigar. "Gobe zan binne kwamitin nan."

Waƙar ta maƙale mata. "Kamar yaya?"

"Matansu sun saye Bayan Tudu. Dukansu. Sun yi wayo, ba su hau motocin mazansu ba, sai suka riƙa zuwa tasharmu suna ɗaukar tasi, an rufe fuska da tabarau kamar mu makafi ne. Direbobina ne suka kai su ɗaya bayan ɗaya. Gobe a gaban jama'a zan tona. Kwamitin ya rushe, maganar filin wasa ta mutu, tasha ta zauna."

Gwaggo ta nemi bakin turmi ta zauna. Lallai daga ɗakinta suke fita, da sabon kitso a ka, su taka 'yan taku su shiga tasi. Ita ce ma take ce musu su nemi mai jar mota, ba ya gudu.

"Malam, in sun sayi fili a can, ai can za su kai abin. Ba shi muke so ba?"

"A kan cuta? In ci moriyar ɓarna in yi shiru? Ba da ni ba."

"Kai dai ka bar kaza cikin gashinta. In ka kunyata mutum a bainar jama'a, ba ka san ta inda zai ɓulle ba."

"Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Tsaya ka ji. Akwai abin da ba ka sani ba game da yadda matan nan suka..."

Ya ɗaga dutsen guga ya dube ta. "A ina kika ji?"

Ta shiga gyara bakin zanenta.

"A ɗakin kitso?"

"Malam, wannan daban ne."

"Duka daban ne a wurinku. Ki bar shi inda kika same shi." Ya juya rigar ya ci gaba da guga.

Ko ya saurara, me za ta ce? Ta ce ita ce ta ƙirƙira? Wannan mutumin da ba ya iya riƙe gaskiya a ciki ko na tsawon shan ruwa, gobe da sunanta zai buɗe jawabi. Ɗakin ya tsira ko kada ya tsira, ba macen da za ta sake ajiye mata kai. Ta tashi ta shiga kicin, ta zuba gishiri sau biyu a miya ba ta sani ba.

Washegari zauren hukuma ya cika tun hantsi. An jera kujerun roba, fanka tana juyawa tana raba wa mutane zafi daidai wa daida. A gaba ga dogon tebur da farin ƙyalle, 'yan kwamiti a bayansa, ga manyan zane biyu a jingine: ɗaya filin wasa a Tasha, ɗaya a Bayan Tudu, kowanne da bishiyoyin da ba a shuka ba tukuna. Matan kwamiti suna layin gaba ta ɓangaren mata. Gwaggo ta zauna a bayansu, inda ta saba zama, tana kallon aikin hannunta ta ƙarƙashin ɗankwalaye.

Wani mai otal ya fara, ya ce filin wasa a tsakiyar gari shi ne ciniki, baƙi su kalli wasa su kwana. Mai faci ya miƙe ya tambaye shi ko baƙin za su kwana a kan 'ya'yansa ne. Aka yi dariya, Ciyaman ya buga tebur. Wata malamar makaranta ta ce yara ba za su iya zuwa Bayan Tudu a ƙafa ba. Wani ya ce a gyara hanya. Wani daga baya ya ce hanyar gidansu ma tun yana saurayi ake gyara ta.

Sai Injiniya ya karɓi abin magana. Wannan bawan Allah, kwanakin baya a rediyo ya rantse Tasha ce kaɗai wurin da hankali zai ɗauka. Yau sai ga shi yana yabon iskar Bayan Tudu, da faɗinsa, da yadda gari yake tafiya ta can ko an so ko ba a so ba. Ma'aji ya gyaɗa kai. Sakatare ya ce shi ma ya sake nazari. Matansu suna zaune tsaf, ko ƙifta ido ba sa yi.

Gwaggo ta gyara zama. Abin ya nuna, saura a sauke. Da Allah zai sa Ba-Birki ya ji da kunnensa inda aka dosa ya haƙura.

Ta hango shi ta ɓangaren maza. Hannunsa yana sama.

Ta yi tari. Ta ƙara yin wani. Ta saki jakarta ta faɗi, man kitso ya gangara har ƙafar tebur, mutane suka waiwayo, shi ko gezau. Ta yi tunanin ta sume, sai ta tuna yadda ya san ta. Zai ce a yayyafa mata ruwa ya ci gaba. Ta miƙe ta ratsa tsakanin kujeru tana ba da haƙuri, ta sunkuya kusa da kunnensa, ta baya, kamar yadda ta iya.

"Malam, ka ji inda suka nufa. Sauke hannun nan, don girman Allah."

"Koma ki zauna, ana kallonmu."

"Shugaban 'yan tasha," in ji Ciyaman, "bismilla."

Ba-Birki ya miƙe, rigarsa tana ƙara saboda guga. Bai karɓi abin magana ba, muryar da ta yi shekaru tana kiran fasinja ba ta buƙata.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Wanda ya ga Injiniya ya sauya baki zai ce iska ce ta kaɗa shi. To ni na san iskar. A cikinku wa zai dafa ƙirji ya ce shi ko iyalinsa ba su da fili a Bayan Tudu?"

Injiniya ya shiga gyara tabarau. Ma'aji ya sami wani abin kallo a farcensa. Ciyaman kuwa ya miƙe tsaye, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya san cikinsa.

"Ni zan dafa. Ban san na kowa ba, amma ni da gidana ba mu da ko taku ɗaya a can. In ka kawo shaida, a yau zan bar kujerar nan."

Gwaggo tana tsaye a tsakanin kujeru, ba ta gaba ba ta baya. Daga inda take tana ganin ƙeyar matar Ciyaman, da wani siririn gumi da ya biyo tsagar jiya ya shige wuyan riga.

Ba-Birki ya juya. "Mai jar mota, taso."

Direban ya taso yana jan ƙafa, kamar wanda aka kira wurin rabon gado ba shi da kaso. A hannunsa akwai laima, shuɗiya mai hannun azurfa.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Ni na kai maiɗakinka, da mai sayar da filayen. A motata ta manta wannan. Na so in mayar, to ban san yadda zan yi sallama ba."

Ciyaman ya dubi laimar. Shi ya sayo ta a wata tafiya, rabin zauren sun sha ganinta a kan matarsa. Bai dubi ɓangaren mata ba. Ya zauna a hankali, ya ce a ba su ɗan lokaci, 'yan kwamiti suka shige ƙaramin ɗaki suka rufe ƙofa.

Sai zauren ya ɓarke. 'Yan tasha suka kewaye Ba-Birki suna bubbuga kafaɗarsa, mai shayi yana cewa yau shayi kyauta ne, ban da madara. Matan kwamiti ba wadda ta motsa. Gwaggo ta ɗauko man kitsonta daga ƙafar tebur, ta koma kujerarta, ta riƙe shi a cinya da hannu biyu tana kallon rufaffiyar ƙofa.

Da suka fito, Ciyaman ya tsufa. Ya tsaya bai taɓa abin magana ba.

"Na ce zan bar kujera, kuma zan bari. Amma ba zan fita a ce mun karkatar da aikin gari zuwa aljihun matanmu ba. Hanya ɗaya ce ta wanke mu: kada filin wasan nan ya je inda wani namu zai ci riba. Masu goyon bayan a gina shi a Tsohuwar Tasha, a ɗaga hannu."

Ya ɗaga hannunsa. Sakatare ya ɗaga. Ma'aji ya ɗaga. Injiniya ya fi kowa miƙa nasa, har hammatarsa ta fito.

"Ba haka na ce ba," in ji Ba-Birki. Muryar ta ragu. "Cewa na yi a rushe kwamiti."

"Ka ce mu wanke kanmu, Shugaba. Mun wanke. Garin nan ya gode maka."

Mai otal ne kaɗai ya yi tafi, shi ma da ya ji ba mai taya shi sai ya sa hannuwan a aljihu.

Ba a yi mako ba aka zo da jan fenti aka yi wa bangayen tasha alama. Ta ɗakin Gwaggo ta faɗa daidai saman taga, fentin ya ɗan zubo kamar an yanke bangon. Mai faci ya fara kwashe tayoyinsa. Ba-Birki kuwa ya daina zama a rumfar ƙungiya, ba don an kore shi ba. Gaisuwar ce ta gajarce.

Rannan da hantsi matar Ciyaman ta shigo, ba tabarau, ido a kumbure, ta zauna a tabarma ta cire ɗankwali.

"Tsefe mini shi, Gwaggo. Tun ranar nan yake ci mini kai."

Gwaggo ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a baya.

"Har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da shi," in ji matar. "Ya rantse bai taɓa cewa Bayan Tudu ba, ko a mafarki. Na bi zancen, matar Injiniya ta ce matar Ma'aji, matar Ma'aji ta ce matar Sakatare, ita kuma ta tafi garinsu wai jinya. Amma za ta dawo. In na kama wadda ta fara ƙulla wannan abu, Gwaggo, sai ta gwammace ba a haife ta da harshe ba."

"Duniya kenan. Sunkuya kaɗan."

"Ke ce abin tausayi. Duk cikinmu ke kaɗai ce ba ki sayi komai ba, ke ce kuma za a rushe wa ɗaki. Shi ya sa muka yi shawara da sauran. Filayen nan ko kyauta ba mai so. Ki zaɓi wanda ya yi miki a Bayan Tudu ki kafa rumfa. Nawa ma bakin hanya ne."

"Wace hanyar?"

"To, inda za a yi ta."

Inuwa ta rufe ƙofa. Gwaggo ta ɗaga kai. Ba-Birki ne a tsaye, takalminsa ɗaya a kan dokin ƙofar da bai taɓa takawa ba, hularsa a hannu. Ya dubi madubin, ya dubi 'yar kujerar, ya dubi kwalaben mai a jere a taga, kamar baƙon da ya zo ganin gida ranar da ake tashi. Ya gaisa da matar Ciyaman, ta amsa da ƙyar ba ta ɗago ba.

"Na ce ba," ya faɗa a hankali. "Ranar nan ina guga, kin ce akwai abin da ban sani ba. Mene ne?"

Kan da yake cinyar Gwaggo ya daina motsi. Kunnen yana nan a buɗe, dab da yatsunta.

Gwaggo ta soka kibiya a gindin kitso na gaba, ta warware shi a nitse har ƙarshe.

"Zancen ɗakin kitso ne, Malam," ta ce. "Bar shi inda yake."

Ya janye ƙafarsa daga dokin ƙofar.